Kwamfutoci Biyar a Jere a Lyon

Rabi, Ibrahim, da ke Nana autata, na san abin da kuka ɗauka game da Kawunku Lawali. Ba ku taɓa faɗa a gabana ba, amma ina da kunnuwa, kuma bangon gidanmu na unguwar Beaudottes a Sevran bai iya riƙe sirri ba. Kun ɗauka ni na kawo shi Paris, na ciyar da shi, na nema masa aiki, shi kuma ya zagaya ta baya ya hau kujerata, ya tura ni ƙarƙashin bene ina rarraba wasiƙu. Kai Ibrahim, har yau in aka ambaci sunansa sai ƙishirwa ta kama ka, ka tashi ka nufi madafa. Na gaji da wannan ƙishirwa. Ba ni da sauran ƙarfin gardama da baki, numfashina ba ya kai ni ƙarshen magana, shi ya sa na zauna ina rubutawa. A rubuce dai ba wanda zai katse ni.

Na zo ƙasar nan daga Damagaram ba da wani babban ilimi ba, sai yatsu goma masu gudu a kan keken rubutu. Da su na samu shiga wata hukumar ƙasa da ƙasa a Paris, a sashen takardu, inda ake buga rahotanni da fassarori da bayanan taro. A hankali na zama shugaban sashen, da ɗan ofis nawa ni kaɗai a hawa na uku, tagarsa tana kallon bayan wani gidan burodi. Na haura arba'in lokacin da aka kwashe kekunan rubutu aka kawo kwamfutoci. Tsarin da ke tuƙa kwamfutar, wanda in babu shi ƙarfe ne kawai a kan tebur, ana ce da shi DOS, kuma samfurin da aka kawo mana shi ne na uku. Ku da kuka tashi kuna shafa gilashi da yatsa ba za ku gane ba. Allo ne baƙi ƙirin, da harafin C a kusurwa, da wani ɗan layi yana ƙifta maka ido yana jiran ka faɗi abin da kake so. In ka rubuta umarni daidai ya yi, in ka kuskure harafi ɗaya ya ce bai san zancen ba. Ba lallashi, ba hoto, ba sannu. Halinmu ya zo ɗaya, na so shi ƙwarai.

Na haddace umarninsa da maimaitawa da ciwon kai, kamar yadda na yi hadda ina yaro. Ba zan ce ba shi da aibu ba. Sunan takarda ba ya wuce haruffa takwas, don haka rahoton babban taro sai ka matse sunansa har ya koma kamar tari. In ka goge takarda bisa kuskure, ta tafi ke nan, sai dai ka yi mata addu'a ka sake bugawa daga farko. Akwai kuma wani ɗan kayan gyaran rubutu da yake zuwa da shi, wanda ba ya nuna maka shafi gaba ɗaya, sai layi ɗaya ɗaya, ka kira layi da lambarsa, ka gyara, ka mayar. Kowa a sashen ya tsane shi ban da ni. Na sha wuya kafin in iya, kuma abin da mutum ya sha wuya a kansa yana da girma a idonsa fiye da yadda yake.

Lawali, ƙanen mamanku, ya zo karatu ya zauna da mu, ɗaki guda da kai Ibrahim. Ya karanci harkar kwamfuta, ya gama, na je na yi magana da darakta aka ɗauke shi mai kula da injinan hukumar. Daga baya ya yi aure ya koma Saint-Denis, amma duk Lahadi a gidanmu yake cin abincin rana. Mutum ne marar yawan magana. Tun da ya zo bai taɓa kiran sunana ba, sai Yaya, kuma bai taɓa zama a kujera ina tsaye ba.

Wata Litinin na shigo ofis na kunna inji, sai na ga baƙin allona ya ɓace. A ƙarshen mako an ɗora mana DOS na huɗu. Akwatuna ne a jere, da launi, da jerin abubuwan zaɓi, ba inda zan rubuta umarni. Na danna nan, na danna can, inji ya yi ta yi mini ƙara. Har rana ta yi ban buga layi ɗaya ba. Wata yarinya cikin masu buga rubutu, wadda ni na koya wa aiki, ta shigo neman sa hannu, ta ga halin da nake ciki, ta miƙo hannu ta saman kafaɗata ta danna maɓalli biyu, abu ya buɗe. Ta yi 'yar dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, amma ta bi ni har cikin jirgin ƙasa na RER, ta sauka tare da ni a Sevran. Mamanku ta ajiye mini tuwo da miyar kuka, na zauna ina kallon kwano.

"Malam, lafiya? Miyar ce ba ta yi ba?"

"Miya ta yi. Ni ne ban yi ba."

Na ba ta labari sama-sama, ta ɗauke kwano. Washegari na shiga ofis da nauyin ƙafa, na kunna inji, sai ga baƙin allona, sai ga harafin C yana jirana. Lawali yana tsaye a bakin ƙofa.

"Yaya, ina kwana. Abin jiya kuskuren sakawa ne, na gyara. Na huɗun ne dai, amma ka ga duk abu guda ne."

Na yarda, don ina son in yarda. Bayan haka aka kawo na biyar, aka kawo na shida. Kowane karo Lawali zai shigo a ƙarshen mako ya ɗora, ni kuma in zo Litinin in tarar da injina kamar yadda na bar shi. In na tambayi inji lambarsa ya faɗi sabuwar lamba, amma duk abin da na sani yana aiki, har ɗan kayan gyarana mai layi ɗaya ɗaya. In na gama buga takarda sai in sa ta a disket, ɗan faifan ajiya, in ajiye a wani faranti a bakin tebur, Lawali ya biyo ya ɗauka ya ce zai kai sama. Na ɗauka ladabi ne, ƙane yana ɗauke wa yayansa hawan bene. Ina ganin 'yan sashena suna jan wani ɗan abu mai wutsiya a kan tebur, wanda Faransawa ke ce wa ɓera, allunansu cike da hotuna. Na ɗauka kwalliya ce kawai a kan abin da na riga na sani. Ban hana su ba, ban kuma tambaye su ba.

Akwai wani ɗan gidan abinci a Belleville inda mutanenmu ke haɗuwa ranar Asabar, ma'aikatan jakadanci da direbobi da ɗalibai. In zancen kwamfuta ya tashi, ni ake juyowa a kalla, ni kuma ba na ɓata lokaci.

"Ku ji ni da kyau. Na uku, na huɗu, na biyar, na shida, duk na yi aiki da su da hannuna. Ba abin da ya sake. Lambar kan kwali kawai suke canzawa su sayar wa wawaye. Ko ba haka ba, Lawali?"

"Yaya ya fi ni sani," in ji shi, idonsa a cikin farantin shinkafa.

Shekaru na yi ina wannan wa'azi, har wasu suka riƙa maimaita shi da sunana.

Shekarar da nake son in ba ku labari ita ce wadda sabon tsarin nan mai buɗe tagogi a kan allo ya fito, wanda aka yi ta talla a ko'ina har a jikin bas. Darakta ya tara mu ya ce za a haɗa injinan hukumar duka da waya ɗaya, a ɗora musu sabon tsarin, a daina yawo da disket. Duk 'yan sashen takardu, har da Lawali, za mu tafi Lyon wata cibiyar horo. A ƙarshe akwai jarrabawa. Wanda ya ci ya zauna a sabon sashe, kuma daga cikin waɗanda suka ci za a zaɓi shugaba. Wanda bai ci ba a duba inda za a sa shi. Ban damu ba ko kaɗan. Ranar tafiya mamanku tana shirya mini jaka, ta cusa kilishi a gefe, ba ta kalle ni ba.

"Malam, in abin ya yi wuya can, ka bar Lawali ya taimaka maka."

"Ni zan taimaka mishi," na ce, na ɗauki jakata.

Farkon sanyi ne muka isa Lyon, gari mai koguna biyu da tudu, iska tana shiga har ƙashi. Cibiyar tana kusa da tashar jirgin ƙasa. Malamar da aka ba mu sunanta Madam Odile, dattijuwa ce ramammiya mai tabarau a wuya, ba ta dariya amma ba ta wulaƙanci. Tana da wata hanyar koyarwa tata. A jikin bangon ajin ta jera kwamfutoci biyar, kowace da samfurinta, daga DOS na uku har zuwa mai tagogi. Ta ce kafin mutum ya koyi sabo, sai ya ga ta inda aka biyo. Kowa zai bi layin nan ya yi aiki iri ɗaya a kan kowane inji: ya rubuta 'yar takarda, ya adana, ya gyara, ya goge, ya ga ko za ta dawo. Da yake ni ne babba, ni aka fara kira.

A kan inji na farko sarauta na yi. Yatsuna suka yi ta gudu, kafin ta gama gyara tabarau na gama. Ta ce rabon da ta ga mai wannan hannu an daɗe. Na juya na kalli 'yan sashena don su ji da kyau.

Inji na biyu, na huɗu ke nan, sai ga akwatunan nan masu launi da na gani sau ɗaya a rayuwata. Na ce mata wannan an yi kuskuren sakawa. Ta ce a'a, haka aka ɗora shi a yawancin ofisoshi, an yi akwatunan ne don mutum ya zaɓa ba sai ya haddace ba. Ta ce yana da nauyi, yana cin ƙwaƙwalwar inji, mutane da yawa ba su so shi ba, amma shi ya fara ɗaukar babban faifai ba sai an yanka shi gunduwa-gunduwa ba. Ta nuna mini ta inda ake fita zuwa baƙin allo, na fita na ƙarasa aikina, amma na fara shakkar zancen Lawali.

A na biyar ta tsayar da ni. Ta buga kalma ɗaya, sai ga shafi ya buɗe gaba ɗaya, shuɗi, kana yawo a cikinsa sama da ƙasa kana gyara inda ka ga dama, ba kiran layi da lamba. Ta nuna mini yadda inji ke tuna umarnin da ka buga ɗazu ya dawo maka da shi da maɓalli ɗaya, da yadda za ka tambaye shi ma'anar umarni ya yi maka bayani. Sannan ta ce in goge takardata. Na goge. Ta buga wata kalma, takarda ta dawo. Na tsaya ina kallo. Na tuna wata rana da na goge dogon rahoto bisa kuskure, na tafi gida kamar an yi mini mutuwa, washegari na tarar da shi a wurinsa, Lawali ya ce Allah ne ya taimaka, wai ya rage a wani disket. A lokacin har sadaka na yi.

Na matsa zuwa na shida, wanda a sanina da shi nake aiki kullum a Paris. Madam Odile tana bayani cewa wannan yana matse takardu har faifai ya ɗauki kusan ninki biyu, yana da mai farautar cutar kwamfuta, yana gyara wa kansa ƙwaƙwalwa. Ban tsaya saurare ba, ina son in maido da girmana. Na buga sunan tsohon kayan gyarana mai layi ɗaya ɗaya. Inji ya ce bai san zancen ba. Na sake bugawa a hankali, harafi harafi. Ya sake cewa bai sani ba.

"Monsieur, wannan ba ya cikin na shida. An cire shi."

"Madam, da shi na yi aiki makon jiya. A kan na shida."

Ta sa tabarau ta dube ni.

"To wani ne ya ɗauko shi daga tsohon ya ɗora maka da hannu. Ana iya yi. Akwai dabarar da ke sa inji ya ɓoye wa tsohon kaya lambarsa ta gaskiya, don ya yarda ya yi aiki. Amma aiki ne, sai wanda ya sani."

Ban juya ba, don na san inda Lawali yake tsaye, kuma na san inda idonsa yake. Na matsa zuwa inji na ƙarshe, mai tagogin, saboda ba yadda zan yi. Allo mai launin ruwa, da ƙananan hotuna, da kwandon shara a kusurwa inda takardar da ka goge ke zama tana jiranka. Sunan takarda kuwa ka rubuta shi da tsawonsa yadda uwarsa ta haife shi. Ta sa mini ɓera a hannu. Na tura shi, kibiya ta gudu ta ɓace a gefen allo. Na ɗaga shi sama ina nemanta. Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariya ciwo.

Da aka tashi cin abincin rana na fita ban yi wa kowa magana ba, na gangara bakin kogi na zauna a kan benci. Lawali ya biyo ni, ya tsaya daga gefe da burodi biyu a hannu. Na bar shi a tsaye har sai da na ga sanyi ya fara kaɗa shi.

"Tun yaushe?"

"Tun na huɗu, Yaya."

"Disket ɗin da kake ɗauka fa?"

"Ina juya su zuwa sabon tsari kafin in kai sama. In ba haka ba injinan sama ba su iya buɗe su."

"Duka? Duk shekarun nan?"

"Ba wani aiki ba ne, Yaya. Kafin in tashi daga ofis nake yi."

"Kana zaune a Belleville ina cika baki, kana jina."

Can sai ya matso ya rage murya.

"Yaya, ka saurare ni. Mai tagogin nan ma, a ƙarƙashinshi baƙin allon yana nan. Na saba da mai kula da injinan cibiyar. Ranar jarrabawa in na san injin da za ka zauna, zan shirya maka shi. Ka buga yadda ka saba, abin da ya fito zai fito daidai. In mun koma Paris kuma, bon, mu ci gaba yadda muke. Ba mai sani."

Ban ce masa i ba, ban ce a'a ba. Na tashi na nemi rumfar waya, na sa kati na kira gida. Ko gaisuwa ban gama ba.

"Kin san abin da ƙanenki ya yi mini?"

Mamanku ta amsa a hankali.

"Ni na sa shi, Malam."

"Ke?"

"Ranar da ka ƙi cin tuwo. Na kira shi na ce ko ya koya maka, ko ya san yadda zai yi. Ya ce ta yaya zan zaunar da Yaya in ce danna nan, a'a ba nan ba? Mutumin da ya ɗauko ni daga tasha da jaka guda? Na ce to ni ma ba zan iya gaya mishi ya je ya koya ba. Sai muka bar shi a haka."

"Kuka bar ni a haka."

"Mun ɗauka shekara guda ce, ka saba a hankali. Sai ka fara zancen nan naka na lambar kwali. Daga nan wa zai buɗe baki?"

Na tsaya a rumfar nan har katin ya ƙare. Na so in yi fushi, na nema, ban samu mai yawa ba. Gajiya ce ta sauko mini, irin wadda ban taɓa ji ba. Abin da na gani a jikin bangon nan shi ne, tsakanin kowane inji da na kusa da shi taki ɗaya ne, ɗan ƙarami. Daga na uku zuwa na huɗu wuni biyu na jin kunya ne. Daga na huɗu zuwa na biyar ma da daɗi zan ji, don sauƙi aka ƙara. Na shida ba komai. Da na hau su ɗaya bayan ɗaya, lokacin da kowa ke hawa yana tuntuɓe, da na iso mai tagogi tare da jama'a. Amma mutum biyu da suka fi kowa ganin girmana sun ɗauke mini matakalar don kada in yi tuntuɓe, yanzu ga ni a ƙasa, ana ce mini in yi tsalle ɗaya in kama hawa na biyar. Kuma ban ga wanda zan kama da laifi ba. Abin da aka koya musu a gida suka yi, kuma da ni ne a wurin Lawali, da wani yayana a wurina, abin da zan yi ke nan.

Na koma na same shi inda na bar shi, burodin bai taɓa ba.

"Kada ka taɓa injin jarrabawa."

"Yaya, kujerarka ce fa."

"Na sani. Kada ka taɓa."

Ku fahimce ni, ba jarumta ba ce. Na auna ne na ga in na yarda, to har ranar da zan yi ritaya ina zaune a ofis ɗin nan kamar hoto a bango, ƙanen matata yana bina da tsintsiya kullum yamma, kuma yanzu da sanina. Da ban sani ba na iya. Da na sani, na ga ba zan iya shiga jirgi kowace safiya in je in yi wannan ba.

Sauran kwanakin horon na yi iya ƙoƙarina. Madam Odile takan zauna da ni bayan an tashi, ta riƙe hannuna a kan ɓeran kamar mai koya wa yaro rubutu. Ana son ka danna sau biyu da sauri, ni kuwa yatsana da ya saba dukan keken rubutu sai ya danna da ƙarfi ya ja hoton ya kai shi wani wuri. In buɗe taga, in buɗe wata a kanta, ta farko ta ɓace, in rasa inda takardata ta shiga. Lawali yana kujera biyu daga inda nake, yana ganin duk kuskurena, yana sanin gyaransa, bakinsa a rufe. Sau ɗaya na kusa in ce masa zo ka nuna mini. Na juya, muka haɗa ido, ya yi sauri ya sunkuyar da kai, ni ma na mayar da fuskata ga allo. Ko a lokacin, bayan duk abin da ya faru, ba mu iya ba.

Ranar jarrabawa na zauna gaban injin da ba wanda ya shirya mini. Na yi kusan rabi lokaci ya cika. Lawali ya fi kowa maki.

Da muka koma Paris darakta ya kira ni, ya yi ta kewaye-kewaye, ya yabi shekaruna, sannan ya ce akwai gurbi a ɗakin wasiƙu a ƙarƙashin bene, ko kuma in ajiye aiki. Kuna makaranta dukanku, Nana ko firamare ba ki gama ba. Na karɓi wasiƙu. Aka ba Lawali shugabancin sashe. A ranar ya zo gida Sevran, ya durƙusa a kan kafet ɗin falo ya ce zai ƙi karɓa. Kuna ɗaki, kun ji na ɗaga murya, kuma na san daga nan labarinku ya samo asali. Abin da na ce masa shi ne in ya ƙi kujerar nan, a ba wani bare, to kada ya sake taka gidana. Ya karɓa. Amma Lahadi ta zo bai zo cin abinci ba, ta gaba ma haka. Ban hana shi ba. Kunya ce ta hana shi, ni kuma gajiya ta hana ni in aika a kira shi. Mamanku ta yi ta dafa abincin mutum shida tana ajiye saura.

Aikin ɗakin wasiƙu shi ne ka rarraba abin da ya shigo, ka ɗora a 'yar kura, ka bi hawa hawa kana miƙa wa kowane shugaban sashe ya sa hannu. Amma wasiƙun hawa na uku ban taɓa kai su ba. Kullum kafin in gama rarrabawa sai in ji takun Lawali a matakala. Shugaban sashe guda, da taye a wuya, zai sauko ƙarƙashin bene ya gaishe ni a tsaye, ya ce hanya ce ta biyo da shi, ya kwashi nasa ya hau. Wata da watanni hanya tana biyowa da shi ta wurin da ba ya kai kowa ko'ina sai ɗakin shara. Wata safiya ya miƙo hannu zai ɗauka, na dafe wasiƙun.

"Lawali, ya isa. Koma ofis ɗinka."

"Yaya, ai na riga na sauko."

"Ka koma, na ce. Aikina ne."

Ya tafi. Na gama rarrabawa, na ɗora a kura, na bi hawa na ɗaya, na bi na biyu. A na uku masu buga rubutu suka ga shigowata, kowa ya sami abin kallo a allonsa. Na tura kurata har ƙofar ofis ɗin da na yi shekaru a ciki, na ƙwanƙwasa. Ƙamshin burodi yana shigowa ta taga yadda ya saba. Lawali ya zabura ya miƙe, har kujera ta bugi bango, hawaye na zuba a fuskarsa.

"Zauna," na ce.

Bai zauna ba.

"Lawali, ƙafafuna sun gaji, kuma akwai hawa na huɗu a gabana. Zauna ka sa mini hannu."

Ya zauna, ina tsaye. Ya sa hannu, na karɓi takardata, na ja masa ƙofa.